Filin Mota: In Tsohuwar Marsandi Mai Shan Gas Ta Ƙi Tashi

Da zarar hunturu ya kankama, daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, da wuya gari ya waye a Jos, ko Zariya, ko Funtuwa, ba a ga wata tsohuwar mota mai shan gas an ɗaga mata bonet a ƙofar gida ba. Yara sun taru a bayanta suna jiran a ce su tura, an aika a kira bakanike. Shi kuwa tun bai ajiye akwatin sifanunsa ba, sai ya saurari kik sau ɗaya, ya girgiza kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai injekta ce." Wannan kalma ta ci kuɗin mutane masu yawa a banza, domin injekta, watau babban famfon nan da ke raba wa silinda mai, ita ce ta fi kome tsada a jikin injin, alhali kuwa ita ce ta fi kome jimiri. Mai motar da ya yarda aka kwance ta tun farko, sau da yawa yakan biya kuɗin aikin, a mayar, mota ta ci gaba da halinta, wani lokaci ma ta ƙara wani.

Motar da ta fi dacewa a yi misali da ita ita ce Mercedes-Benz, wadda aka fi sani da Marsandi, samfurin W123 da aka yi ta ƙerawa a Jamus daga 1976 zuwa 1986. A cikin masu shan gas akwai 200D da 240D masu silinda huɗu, da 300D mai silinda biyar. Kamfanin ya daɗe a wannan sana'a, don tun 1936 ya fitar da ƙaramar mota mai injin dizal, 260D, ita kuwa Bosch tun 1927 take ƙera irin famfon da ake magana. Motocin nan sun yi shekaru masu yawa suna aikin tasi a Maroko, kuma a 2004 wani direban tasi na ƙasar Girka ya miƙa wa gidan tarihin kamfanin 240D ɗinsa ta 1976, ta samfurin da ya gabaci W123, bayan ta ci kilomita miliyan 4.6. Mota mai irin wannan suna, in ta ƙi tashi, akwai dalili, kuma galibi dalilin ƙarami ne.

Wajibi ne mai mota ya fara sanin abin da ya raba injin nan da na fetur. Ba shi da filogi mai tartsatsi, ba shi da kafireto. Fistin ne ke matse iska zalla har ta koma kashi ɗaya cikin 21 na girmanta, matsin nan ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa gas a cikinta, gas ya kama da kansa. Ke nan abin da injin ke bukata shi ne ya juya da sauri, ya riƙe matsi, ya sami ɗumi in da sanyi, kuma mai ya iso masa a kan lokaci ba tare da iska ta gauraya da shi ba. Duk wata ƙin tashi daga ɗayan waɗannan take. In ya riga ya tashi kuwa, ba ya bukatar lantarki ko kaɗan don ya ci gaba da aiki. Shi ya sa altaneta kan mutu direba bai sani ba, in bai lura da jar fitilar caji ba, ya yini yana tafiya lafiya, sai gobe da safe batir ya tona asiri.

Binciken farko da kunne ake yinsa. In an murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas kawai, ko kik ya juya injin da nauyi kamar ana jan buhu, to babu ruwan mai a ciki. Batir ne, ko kawunansa da suka yi farin gari, ko wayar da ta haɗa injin da gangar jikin mota. Batir mai lafiya da ya kwana yakan nuna folt 12.6 a ma'auni, kuma yayin da ake kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko batirin ƙaramar motar fetur a ɗora, alhali na asali mai ƙarfin amfiya 88 ne. Ƙaramin zai juya injin, amma a hankali, iskar da ake matsewa ta sami sararin zubar da zafinta a jikin ƙarfe mai sanyi, wuta ba ta kama ba. Mota mai giyar otomatik kuwa, in ta yi shiru ɗungum, a gwada mayar da giya kan N a sake murɗawa, don ɗan makunnin da ke hana ta tashi cikin giya yakan tsufa. Kada kuma a riƙe kik fiye da sakan 15 a lokaci guda. A bar shi ya huce.

To, in injin yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, sai a tsayar da mutum a bayan mota ya dubi salansa. Wannan ɗan dubawa shi ne ya fi kowane ma'auni amfani, kuma kyauta ne. In farin hayaƙi yana fita mai warin ɗanyen gas, mai yana isa silinda, zafin ƙona shi ne babu. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya zuwa. Hanya ta rabu biyu ke nan, kuma bakaniken da ya ga farin hayaƙi yana tuƙuƙi ya ce a sayo sabon famfo, ya kamata a tambaye shi ta ina man da ke fita ya bi.

Farin hayaƙi da safe yakan nuna hita. Kowace silinda tana da ɗan ƙarfe da ke yin ja kamar garwashi a cikin wani ƙaramin ɗaki da ke saman fistin, inda nozul ke fesa mai. Shi ne dalilin fitilar nan mai zanen murɗaɗɗiyar waya a gaban direba, wadda ake jira ta mutu kafin a yi kik. Iri biyu ne. Motocin da aka ƙera kafin wajen 1980 suna da hita mai kan madauki, an jera su a kan layin wuta ɗaya, saboda haka ɗaya ta ƙone, duka sun mutu, mota ba za ta tashi da sanyi ba sam. Na bayansu sirara ne kamar fensir, kowace da wayarta. In ɗaya ta mutu a cikin waɗannan, mota takan tashi da ƙyar tana karkarwa tana hayaƙi, bayan minti ɗaya ko biyu ta daidaita, sai mai ita ya ce ai halin tsufa ne. Da bazara babu wanda zai gane, don zafin gari yana rufa mata asiri. Hunturu ne ke zuwa da hisabi.

Gwajin ba shi da wuya. A irin na bayan nan akwai baƙin akwati a gefen hagu na ɗakin injin, a ƙarƙashin murfinsa akwai fis na falle, mai amfiya 80. Yakan tsage siririyar tsagewa wadda ido ba ya gani sai an kwance shi ya rabu biyu a hannu. In fis lafiya yake, a cire soket ɗin wayoyin a auna kowace hita da ma'aunin lantarki. Mai rai takan nuna ƙasa da om ɗaya, matacciya ba ta nuna kome. In za a sa sabuwa, a fara kankare baƙin tokar da ta taru a ramin, in ba haka ba sabuwar ma ba za ta yi kwana ba. Akwai kuma wata dabara da tsofaffin direbobi suka sani: mutuwar fitila ba ta nufin hita ta daina aiki, tana ci gaba na ɗan lokaci, don haka ranar sanyi mai tsanani a ƙara jiran sakan goma kafin a murɗa.

A nan ne ya kamata a yi kashedi a kan wata mummunar al'ada ta gareji, watau jiƙa tsumma da fetur a kanga a bakin iska, ko a fesa maganin sauro na gwangwani. Lalle mota takan tashi, da wata ƙara kamar an buga guduma. Ƙarar nan kuwa fashewa ce da ta auku tun fistin bai kai sama ba, don fetur ya tarar da hita tana ja. Abin da ke biyo baya shi ne tsagewar ɗan ɗakin nan, ko karyewar zobe, ko lanƙwashewar sandar fistin. An ceci aikin safiya ɗaya an sayar da injin.

In kuwa salansa ba ta fitar da kome, sai a bi mai tun daga tushe. Daga tanki yakan ratsa wani rariya da ke ɗaure a gindin tankin, ya bi bututun ƙarfe ta ƙarƙashin mota, ya shiga ƙaramar filta ta roba mai ganin ciki, sa'an nan ƙaramin famfon da ke jikin injekta ya tura shi cikin babbar filta, daga nan ya shiga injekta. Abin da ya yi saura yana komawa tanki ta wani bututun. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo zuƙo mai ake yi, ba turawa ba, kuma nan ne wahalar take. Tiyon da ya tsufa ya tsattsage a wannan sashe ba lalle ne ya ɗigar da mai a gani ba, iska yake shigarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iska kuwa tana matsuwa, gas ba ya matsuwa, saboda haka in kumfa ta shiga injekta, sai ta yi ta danna kumfar ba ta kai ƙarfin buɗe nozul ba.

Alamun iska sanannu ne. Mota ta kwana, da safe ta tashi nan take, ta yi sakan biyar ta mutu, sa'an nan ta ƙi sakewa sai an sha wuya. Ko kuma ta fi gardama in an ajiye ta hancinta na kallon tudu, ko in tanki ya yi ƙasa. Wanda aka fi kamawa da laifi shi ne famfon hannu, ɗan mabuɗin nan da ake dannawa don jawo mai. Tsohon samfurin mai farin kai, wanda ake warwarewa kafin a danna, in ya tsufa yakan jiƙa hannun mai dannawa, kuma duk inda mai ya fita ta nan iska za ta shiga. Sabon samfurin Bosch mai baƙin kai ya fi shi aminci, ba shi da tsada. Bayansa sai siraran tiyon nan masu rigar zare da ke tsakanin nozul da nozul, waɗanda in sun jiƙe sun gama aiki. Amma fa kada a tsorata da 'yar iskar da ake gani kwance a cikin ƙaramar filta, haka take ko a mota mai lafiya. Abin damuwa shi ne jerin kumfa mai tafiya a cikin farin tiyon da ke bayan babbar filta.

Akwai gwaji guda da ke raba gardama, kuma abin mamaki ne yadda ake ƙyale shi. A sami jarka mai tsabta da lita biyu na gas mai kyau, a cire tiyon da ke kawo mai da wanda ke mayarwa, a tsoma su duka a ciki, a danna famfon hannu, a tayar. In mota ta tashi ta yi aiki sumul, to injekta da nozul sun wanku, cutar tana baya, tsakanin tanki da injin. Sai a duba rariyar tanki. Mota mai shekara arba'in takan tara ruwa a gindin tankinta, daga raɓar da ke taruwa ciki da kuma man da aka saya, a tsakanin ruwan nan da gas kuwa wasu ƙwayoyin halitta suke rayuwa, su haifar da baƙar yauƙi mai toshe rariya da filta. Alamarsa ita ce mota ta yi lafiya a cikin gari, amma a hawan tudu ko a babban titi ta rasa ƙarfi kamar an riƙe ta, ƙaramar filta kuma ta yi baƙi kwana kaɗan bayan an canza ta. Canza filta kullum ba magani ba ne, sai an sauke man an wanke tankin. Haka nan in mota ta mutu bayan tafiyar rabin sa'a, a buɗe murfin tanki a saurara. In aka ji ya ja iska da ƙarfi, bututun numfashin tankin ne ya toshe, abin da ƙura da laka kan yi cikin sauƙi.

Shi kansa man abin tuhuma ne, musamman na bakin hanya. A zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye, in da ruwa zai kwanta a ƙasa. Gas ɗin da aka sirka da kananzir mai yawa yana rage santsin da ƙananan fistocin cikin injekta da allurar nozul suka dogara da shi, don su gas ne man shafawarsu. Wanda aka sirka da fetur ya fi muni. Araha ba ta ado.

Bayan an canza filta ko mai ya ƙare a hanya, sai an fitar da iska. A cika sabuwar filta da gas mai tsabta kafin a ɗaura, a sassauta kusar da ke saman gidanta, a yi ta danna famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure, a ci gaba da dannawa har a ji wani ɗan ƙugi daga jikin injekta. In duk da haka ta ƙi, a sassauta noti na bututun ƙarfe a kan nozul da sifana mai lamba 17, rabin juyi kawai, a yi kik har mai ya tsarto, a ɗaure. Nozul na waɗannan injuna yana buɗewa ne a matsin da ya kai bar 115, feshinsa yana iya huda fata ya shiga nama, raunin kuwa yakan zama ƙarami a ido amma ya kai ga yanke yatsa. Kada kowa ya tara hannu a gabansa.

Wani abu da ke rikita masu Marsandi shi ne yadda ake kashe ta. A samfurin da ake kashewa da makulli, zuƙar iska ce ke jan wani ɗan marfi a bayan injekta ya datse mai. Ita wannan zuƙa ita ce kuma ke kulle ƙofofi. Saboda haka in siririn bututu ya fashe ko da a cikin ƙofa ne, sai a zare makulli injin ya ci gaba da aiki. Babu aljani a ciki, a ɗaga bonet a danna ƙarfen da aka rubuta wa STOP. Akasin haka ma yana faruwa, marfin ya maƙale a datse, mota ta ƙi tashi ba hayaƙi. A zare siririn bututun daga bayan injekta a gwada. In kuma direba ya fara ganin baƙin mai yana ɗiga daga wajen makulli a kan ƙafarsa, fatar marfin nan ce ta yage.

In hita lafiya, mai yana zuwa, batir da ƙarfi, amma har yanzu farin hayaƙi ne da gardama, saura matsi. Kafin a yanke wa injin hukuncin kwancewa, a tambayi yaushe rabon da a saita bawul. Injunan nan ba sa saita kansu, da hannu ake yi, kowane kilomita 20,000 ko kusa da haka, kuma da tsufa ratar takan ƙuntace har bawul ya kasa rufewa sosai, matsi ya zurare. Da injin a sanyaye, ratar bawul na shigar iska milimita 0.10 ce, ta na fitar hayaƙi 0.30. Aikin sa'a biyu ne, ya kuwa tayar da motoci da yawa da aka riga aka yi wa ta'aziyya. Samarin gareji da suka taso da motocin kwamfuta ba kowa ya san shi ba, a nemi dattijon da ya yi zamani da su, da tsohuwar zuma ake magani. Bayan saitin ne gwajin matsi yake da ma'ana. Silindar da ta faɗi wajen bar 15, ko bambancin da ya haura bar 3 tsakanin wata da wata, ya nuna zobba ko bawul sun ci. Ƙurar hunturu da ta ratsa yagaggiyar filtar iska ita ce kan gaba wajen cinye zobba.

Launin hayaƙi bayan injin ya yi zafi yana ƙara bayani a taƙaice. Baƙi, mai ya fi iska yawa, a fara da filtar iska. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa, ruwan lagireto kuma yana raguwa, gaskit ne.

Nozul ma yana tsufa, ya daina feshi ya koma ɗiga, sai a ji injin yana wata ƙara kamar ana buga ƙusa. Ana gane mai laifin ta sassauta bututu ɗaya bayan ɗaya yayin da injin ke aiki a hankali. Wanda aka sassauta injin bai canza murya ba, silindarsa ba ta aiki tun da. Amma a kai su inda ake da na'urar gwada feshi, kuma duk lokacin da aka cire nozul a canza ɗan faifan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, sau ɗaya ake amfani da shi. Sarƙar da ke juya injekta ita ma takan miƙe da shekaru, ta jinkirtar da feshi daga inda aka tsara shi, watau digiri 24 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Wannan saiti ne ake gyarawa famfon yana jikin mota.

Sai an wuce duk waɗannan ne magana ke zuwa kan injekta, kuma ko a nan ba aikin gindin bishiya ba ne, sai wurin masu teburin gwajinta, inda ake auna abin da kowace kafa ke fitarwa. Ranar da za a mayar da ita, ko aka canza marfin kashewa, mai mota ya tabbata an cire tiyon filtar iska an ajiye katako mai faɗi a kusa kafin a yi kik. In an maƙala wani abu ba daidai ba a cikinta, injin kan iya tashi da gudun da totur ba ya rage shi, makulli kuma ba ya kashe shi, hanyar tsayar da shi ita ce a toshe bakin iska da katakon nan. Ba a sa tafin hannu, ba a sa tsumma, don injin zai haɗiye tsumman.